Kafin A Rufe Shi, A Duba Lafiyar Ƙwaƙwalwarsa

Kwanakin baya wani dattijo maƙwabcina a Tudun Wada ya tare ni bayan sallar isha'i, ya ja ni gefe, ya ce: "Malam, ko kana da wani sani a cikin 'yan sanda?" Buƙatarsa ita ce a kama ɗansa, a gurfanar da shi, alƙali ya ajiye shi a gidan yari ko da wata shida ne, ko ya yi hankali. Yaron ya daɗe yana shan tiramol da tabar wiwi, ya sayar da keken ɗinkin mahaifiyarsa, kuma a 'yan watannin nan ya daina barci, yana magana shi kaɗai, yana cewa ana zuba masa wani abu a abinci.

Na ce masa: "Baba, an gwada kai shi asibiti kuwa?" Sai ya ce: "Ɗana, asibiti kuɗi ne, ɗauri kuwa kyauta ne."

Ban ga laifin wannan bawan Allah ba, domin ya faɗi abin da ya gani ne. Amma maganarsa ta tsaya mini a rai, saboda ta bayyana yadda muka tsara al'amuranmu: ƙofar kurkuku a buɗe take ga talaka dare da rana, ƙofar magani kuwa sai mai abin hannu.

Matsayina a kan wannan batu shi ne, duk wanda aka kama a Jihar Kaduna, wajibi ne a duba lafiyar ƙwaƙwalwarsa da yanayin shaye-shayensa kafin a tura shi gidan gyaran hali. Wanda aka samu da taɓin hankali mai tsanani a kai shi inda likita yake. Wanda laifinsa bai wuce sha ko riƙe ɗan abin da zai sha ba, kotu ta ɗora masa zuwa magani a ƙarƙashin sa idonta. Dila da mai safara da wanda ya zubar da jini kuwa, shari'a ta yi aikinta a kansu, amma su ma idan ba su da lafiya a yi musu magani a inda suke tsare.

Abin da masu bincike suka gano

Wannan ba magana ce ta tausayi kawai ba, akwai alƙaluma a bayanta. A shekarar 2002, Seena Fazel da John Danesh sun tattara bincike 62 daga ƙasashe 12, wanda ya ƙunshi fursunoni kusan 23,000, suka wallafa sakamakon a mujallar likitoci ta Lancet. Sun samu cewa kusan mutum 4 cikin kowane 100 na fama da taɓin hankali mai tsanani, irin wanda mutum ke jin muryoyin da babu su ko ya gaskata abin da bai faru ba, sannan 10 zuwa 12 cikin 100 na fama da matsanancin ciwon damuwa. Da aka sake nazarin a 2012 da fursunoni sama da 33,000 daga ƙasashe 24, sakamakon bai sauya ba: kusan ɗaya cikin kowane fursuna 7 na ɗauke da ɗayan cututtukan nan biyu, kuma abin ya fi yawa a ƙasashe marasa ƙarfin tattalin arziki.

A ɓangaren shaye-shaye lamarin ya fi haka muni. Wani nazarin na 2017 ya nuna cewa a cikin masu shiga kurkuku, kusan kashi 30 cikin 100 na maza da kashi 51 cikin 100 na mata sun shigo ne da jarabar miyagun ƙwayoyi a jikinsu.

Na san za a ce wannan lissafin Turawa ne. To, a Jos, nan kusa da mu, Dakta Aishatu Armiya'u da abokan aikinta sun duba mutum 608 a gidan yarin garin, suka wallafa a 2013 cewa fiye da rabinsu na da wata larura ta ƙwaƙwalwa, kuma wadda ta fi yawa ita ce ta shaye-shaye, sai ciwon damuwa. Babu wani dalili da zai sa mu zaci cewa Kaduna da Zariya da Kafanchan sun sha bamban da Jos.

Sai kuma babban binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019. Ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya a cikin shekara guda, kusan miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma. Miliyan 10.6 tabar wiwi suke sha, miliyan 4.6 ƙwayoyi irin su tiramol, miliyan 2.4 kuma maganin tari mai kodin. Abin da ya fi jan hankalina a rahoton shi ne, a cikin waɗanda shaye-shayensu ya kai matakin haɗari, kusan kashi 40 cikin 100 sun ce sun so a yi musu magani amma ba su samu ba, alhali kusan ɗaya cikin huɗunsu an taɓa kama shi, kuma yawancin kamun a kan riƙe ƙwaya ne, ba sayarwa ba. Wato ɗan sanda ya riga likita isa gare su.

"Kuna nema wa masu laifi mafita ne"

Wannan ce hujjar da na fi jin nauyinta, kuma ba zan raina ta ba. Wanda 'yan sara-suka suka tare a lungu suka ƙwace masa waya suka bar masa tabon wuƙa, ko uwar da aka kawo mata gawar ɗanta saboda waya, ba za ka tsaya kana karanta musu alƙaluma ba. Suna da haƙƙin a hukunta wanda ya zalunce su, kuma ban nemi a tauye musu wannan haƙƙi ba. Maye ba uzuri ba ne. Wanda ya sha da gangan ya je ya sari mutum, ya ɗauki alhakin abin da ya aikata.

Sai dai ya kamata mu raba abubuwa biyu da muke cakuɗawa. A ƙasar Suwidin, inda suke da cikakken rajista na asibiti da na kotu, an gano a 2006 cewa kusan ɗaya cikin kowane manyan laifuffuka 20 na tashin hankali ne kawai masu taɓin hankali mai tsanani suka aikata. Wani binciken na 2009 a can ya nuna cewa mai irin wannan ciwo, idan ba ya shaye-shaye, haɗarinsa kaɗan ne ya ɗara na sauran jama'a, amma idan ya haɗa da ƙwaya haɗarin yakan ninka fiye da sau huɗu. Ashe ke nan inda wutar take shi ne haɗuwar ciwon da ƙwayar, kuma wannan haɗuwa ce ainihin abin da ɗauri ba ya taɓawa. Ka rufe mutum shekara biyu, ka sake shi da ciwonsa da jarabarsa kamar yadda ya shiga, ƙari kuma ya yi sabbin abokai ya rasa sana'arsa, sannan ya dawo unguwar da ya baro. Wanda zai fara haɗuwa da shi a lungu mu ne da 'ya'yanmu. Don haka mai neman tsaron unguwarsa shi ya fi kowa cancantar ya nemi a yi wa waɗannan mutane magani.

Game da wanda hankalinsa ya gushe ƙwarai har bai san abin da yake yi ba, ba mu ne muka ƙirƙiro sassaucin ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da mahaukaci har ya warke. Lokacin da sahabi Ma'izu ya zo wurinsa ya yi iƙirarin laifi a kan kansa, sai da aka bincika ko yana da taɓin hankali, aka kuma bincika ko ya sha giya, kafin a ci gaba da maganarsa. Dokar Penal Code ta Arewa ma, a sashe na 51, ta ce ba laifi ba ne abin da mutum ya aikata alhali rashin hankali ya hana shi sanin abin da yake yi. To, ta yaya alƙali zai san ko wannan sashe ya shafi wanda ke tsaye a gabansa idan babu wanda ya duba shi?

Akwai kuma masu cewa kowa zai fara haukan ƙarya. Wasu za su gwada, babu shakka. Amma gano mai haukan ƙarya aikin likitan ƙwaƙwalwa ne, ta hanyar kwantar da shi da lura da barcinsa da cin abincinsa da hulɗarsa na kwanaki, kuma dokokin shari'ar laifuffuka sun ba kotu ikon tura wanda ake tuhuma domin a yi masa irin wannan lura. Wannan hujjar kira ce a kawo likita, ba a kore shi ba.

"Ai ɗauri shi ke raba su da ƙwaya"

Wannan shi ne tunanin maƙwabcina, kuma shi ne tunanin iyaye da yawa. Matsalarsa ita ce, hana mutum sha na ɗan lokaci daban, raba shi da jaraba daban. Jaraba tana zaune a cikin ƙwaƙwalwa da ɗabi'a da abokai da kuma dalilin da ya sa aka fara sha tun farko, ko damuwa ce, ko zaman banza, ko neman ƙarfin yin aikin wahala, kamar yadda ake gani a tsakanin wasu 'yan acaɓa da leburori.

Har ila yau akwai haɗarin da iyaye ba su sani ba. Idan mutum ya daɗe bai sha ba, jikinsa yakan daina jure yawan da ya saba. Ranar da ya fito ya koma wa adadinsa na da, sai abin ya fi ƙarfinsa. A jihar Washinton ta Amurka an bi diddigin fursunoni kusan 30,000 da aka sallama, aka wallafa a 2007 cewa a makonni biyun farko bayan fitowa, haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran jama'a kusan sau 13, haɗarin mutuwa ta dalilin wuce kima a shan ƙwaya kuwa sau 129. Ƙwayoyinsu sun fi namu ƙarfi, amma tiramol da kodin dangi ɗaya ne da su, kuma tiramol idan ya yi yawa yana jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, yana iya kisa. Uban da ya kai ɗansa ajiya don ya tsira, yana iya karɓo shi a mafi haɗarin kwanakin rayuwarsa ba tare da kowa ya gargaɗe shi ba.

Mu mutanen Kaduna mun ga ƙarshen wannan tunani da idonmu. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasunsu da mari a ƙafa da tabon duka a baya. A watan Oktoba aka sake fito da wasu 147 daga wani gidan a unguwar. Hotunan sun zaga duniya, kowa ya yi tir, aka rufe gidajen, kuma rufewar daidai ce. Amma tambayar da ba mu tsaya mun amsa ba ita ce: su wa suka kai su? Da yawansu iyayensu ne suka kai su, har suna biyan kuɗi, saboda shaye-shaye ko taɓin hankali ko ƙiriniyar da ta gagare su. Iyayen nan ba maƙiyan 'ya'yansu ba ne. Sun gwada ruƙiyya, sun gwada rubutu da hayaƙi, sun gwada duka da nasiha, suka rasa inda za su nufa. An rufe gidan mari, buƙatar da ta haife shi kuwa tana nan, sai ta karkata zuwa caji ofis da kotun majistare. A Inugu an daɗe da sanin wannan hali, inda aka riƙa samun mutane a gidan yari waɗanda babu wata tuhuma a kansu, danginsu ne suka kai su saboda ciwon hauka, suka yi shekaru a ciki.

Kuma mai taɓin hankali idan ya shiga, fitarsa ta fi ta kowa wuya. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke yi. Mai lafiya ma yaya ya ƙare, balle wanda ba zai iya ba lauya labarin abin da ya faru ba, ba zai iya tuna lambar wayar ɗan'uwansa ba, kuma babu mai son tsaya masa a beli domin dangi sun huta da shi. Idan aka yanke masa tara, ba shi da abin biya. A watan Nuwamba na 2023 Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta fara sallamar mutum 4,068 waɗanda rashin biyan tara kawai ya riƙe, bayan an tara naira miliyan 585 an biya musu. Wannan ya isa ya nuna irin mutanen da ke cike ɗakunan.

Dokokin suna nan, aiki da su ne babu

Abin takaicin shi ne yawancin abin da nake nema an riga an rubuta shi. Dokar Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta 2019 ta kawo hukuncin da ba na tsarewa ba, kamar yi wa al'umma aiki da ɗaurin talala, ta kuma hana karɓar mutumin da aka kawo hankalinsa ba daidai ba. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 wadda asalinta ke komawa zamanin Turawan mulkin mallaka a 1916. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015 da ake kira da sunan Nelson Mandela sun ce likita ya duba kowane fursuna da zarar an kawo shi, kuma wanda ciwon ƙwaƙwalwarsa ya tsananta har zaman kurkuku zai ƙara masa, a mayar da shi asibiti.

Inda doka ke buƙatar gyara shi ne dokar hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da riƙe ko shan miyagun ƙwayoyi. Alƙalai kan sassauta, amma bai dace a ce makomar yaron da aka kama da ƙulli ɗaya ta rataya a kan tausayin wanda ya faɗa hannunsa ba. Wannan aikin Majalisar Tarayya ne, kuma wakilanmu na Kaduna su ji.

Sauran kuwa a hannun jiha yake. Tun watan Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki, aka ba jihohi ikon shiga harkar gidajen gyaran hali, saboda haka uzurin cewa abin na Abuja ne ya ƙare. Galibin waɗanda ke tsare ma laifuffukan dokar jiha ake tuhumarsu da su, kotunan jiha ne suka tura su.

"Ina kuɗin, ina likitocin?"

Gaskiya ne likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga al'umma sama da miliyan 200, kuma wasu na ta ficewa ƙasashen waje. Amma tantancewar farko ba ta buƙatar babban likita. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da jerin tambayoyi 8 na gano matakin shaye-shaye da ake kammalawa cikin mintuna kaɗan, tana kuma da shirin da ta fara a 2008 na horar da ma'aikatan jinya da jami'an lafiya na matakin farko su gane cututtukan ƙwaƙwalwa su fara kula da su. Magungunan da ake fara ba mai taɓin hankali tsofaffi ne, masu araha. Ma'aikacin jinya ɗaya mai horo a kowace babbar harabar kotu, da wani a ƙofar kowane gidan gyaran hali, zai tace mutane ya tura wa likita waɗanda suka fi buƙata kawai.

Kaduna kuwa ta fi yawancin jihohi abin farawa. Ga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa, ga sashen masu taɓin hankali na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ga gidan horar da kangararrun matasa na Bostal, wanda yana cikin 'yan ƙalilan a ƙasar nan, ga gidan yarin sarari na Kakuri, ga kuma hukumar da jiha ta kafa musamman domin rigakafi da maganin shaye-shaye. Abin da ya rage shi ne a haɗa su da kotu ta hanyar tsari rubutacce, wanda zai fayyace wa zai ɗauki mara lafiya, wa zai biya kuɗin gado da magani, da kuma cikin kwana nawa rahoton likita zai dawo gaban alƙali. A nan ne shari'o'i kan maƙale: kotu ta nemi rahoto, babu wanda aka ɗora wa kuɗin mota, sai a yi ta ɗage zama.

Kuma ɗauri ba kyauta ba ne, ko da maƙwabcina ya ga haka. Ciyarwa da gadi da jigila zuwa kotu duk daga baitulmali suke fita, kowace rana, ga mutumin da zai fita ya dawo. A ware wani kaso na wannan kuɗi ya bi mara lafiya zuwa asibiti, domin muddin iyali ne za su biya magani gwamnati kuma ta biya ɗauri, talaka zai ci gaba da zaɓar ɗauri.

Irin wannan tsari ba sabon abu ba ne a duniya. Tun 1989 aka buɗe kotun masu shaye-shaye ta farko a birnin Miami na Amurka, inda alƙali ke jingine hukunci, wanda ake tuhuma ya shiga magani, ana gwada fitsarinsa, yana dawowa gaban alƙalin lokaci-lokaci, idan ya kammala a sassauta masa, idan ya yi watsi shari'arsa ta ci gaba. A wurinmu za a iya ƙara abin da su ba su da shi, wato mai unguwa da liman ko fasto da dangi su tsaya a matsayin masu sa ido, tunda su ne suka san inda yaron ke kwana.

Mataki na farko, wanda ba ya buƙatar sabuwar doka, shi ne ƙidaya. Babban Jojin Jiha yakan ziyarci gidajen gyaran hali domin duba shari'o'in da suka daɗe, majistarori kuma doka ta ɗora musu leƙa wuraren tsare mutane na 'yan sanda a kai a kai. A ziyara ta gaba, tawagar ta tafi da likitoci daga asibitocin Barnawa da Zariya, a duba kowane mai jiran shari'a a Kaduna da Zariya da Kafanchan, a fitar da adadin masu taɓin hankali da masu jarabar ƙwaya da tsawon zaman kowannensu, ba tare da bayyana sunan kowa ba, sannan a miƙa wa Majalisar Dokokin Jiha kafin ta zauna a kan kasafin kuɗin shekara mai zuwa.